Aƙida: kalmar malamai ce ko ta kowa?

Kawu Direba: Salamu alaikum. Ɗazu a wajen Ƙofar Nasarawa na ga fastar wani ɗan takara, an rubuta "ɗan siyasar aƙida". Mutumin nan jam'iyya uku ya sauya a gabanmu. Ni dai a nawa ganin aƙida kalmar addini ce, 'yan siyasa ne suka sace ta suka ɓata mata suna. Wanda yake da ja ya fito.

Alaramma: Wa alaikumus salam. Kawu, ba ka yi nisa da gaskiya ba. Kalmar daga Larabci take, daga "aƙada", wato ƙullawa ko ɗaurewa. Tushenta ɗaya da "aƙdun nikahi", ɗaurin aure. A Falaƙi muna karanta "uƙad", ƙulle-ƙullen da matsafa ke tofawa. Annabi Musa ma, a Suratu Ɗaha, roƙo ya yi a warware masa "uƙda", ƙullin da ke harshensa. To aƙida ita ce abin da zuciya ta ƙulle a kai tamau. Ƙullin da ake kwancewa duk lokacin zaɓe kuwa, wannan zarge ne.

Malamar Hausa: Allah ya gafarta Malam, ka kawo tushe amma ka tsallake abu ɗaya. Ita kanta kalmar "aƙida", da wannan siffa, ba ta zo a Alƙur'ani ba. Malamai ne daga baya suka riƙa kiran littattafan imani da ita, kamar na Imam Ɗahawi da ya rasu a 321 bayan hijira. Kafin nan wasu na cewa "sunna", wasu "fiƙhul akbar", wasu "usulud dini". Kakana a zaure bai taɓa ce mana mu zo karatun aƙida ba. Tauhidi yake cewa.

Alaramma: Haka ne, Malama. Amma ai suna ne ya bambanta, abin ɗaya ne.

Malamar Hausa: Sunan ne ai muke gardama a kai. A ganina kalmar ta fito titi ne sosai bayan Shaikh Abubakar Gumi ya fitar da Al-Aƙidatus Sahiha a 1972, aka kafa Izala a Jos a 1978. Daga nan aka fara tambayar "wace aƙida yake yi?" kafin a bi mutum salla, wani lokaci har kafin a ba shi aure. Ka ga ko a cikin addinin ma'anarta ta gusa, daga abin da ka yi imani da shi zuwa ɓangaren da kake.

Baba Ɗan Taɓo: Ku yara ku bari in sa baki. Kawu, janye kalmar sata. Mahaifina tela ne, ya shiga NEPU ba da jimawa da kafa ta ba a 1950. An kai shi gaban alƙali, an yi masa bulala, ya yi wata uku a gidan yari. Da ya fito, masu kawo masa ɗinki suka watse saboda tsoro, aka ce ya je ya tuba a mayar masa da kasuwarsa. Na tashi ina ganin keken nan a lulluɓe da tsohon zane, ƙura a kansa, bai je ba. In wannan ba ƙullin zuciya ba ne, Alaramma ya ba ni sunansa. Mu ma da PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, mun tsaya bayan Malam Aminu ba don an ba mu ko sisi ba.

Kawu Direba: Allah ya jiƙan mazan jiya, Baba. Ba da su nake ba.

Baba Ɗan Taɓo: To ka ce ɓarawo ya sa rigar mai gida. Kada ka ce babu mai gida.

Ɗan Jos: Ku ba ni dama, ni da nake Kirista. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, namu sunan daga baki ya fito, naku daga zuciya. Kalmar "creed" da Turawa ke amfani da ita wajen furucin bangaskiya ta samo asali daga Latin, "credo", ma'ana "na ba da gaskiya", don da ita ake buɗe furucin. Akwai wanda aka tsara a taron Nikiya a 325, garin yana Turkiyya ta yau. Mu a coci tashi muke yi tsaye mu faɗe shi tare da babbar murya. Shi ya sa nake tambaya: aƙida abin da ka furta ne ko abin da ka ɓoye a ciki?

Alaramma: Maƙwabci, tambayarka ta yi kyau. Duk almajirin da ya buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid ya san babin farko a kan abin da harsuna ke furtawa ne kuma zukata ke ƙullewa. Biyun aka haɗa. Mai furuci ba ƙulli, sunansa daban a wajenmu, kuma ba suna mai daɗi ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ni kun cika ni da Larabci. A Kantin Kwari in na ce "aƙidata ce, ba na ba da bashi ranar Asabar da safe", kowa ya gane, ba wanda ya ce na yi saɓo. Siyasa, jam'iyya, hujja, duk ba daga Larabcin muka aro ba? Bahaushe in ya ari kalma ba ya mayarwa.

Malamar Hausa: Hajiya kin gama magana. Sai dai bashin Asabar ɗin nan camfi ne, ba aƙida ba.

Hajiya Mai Atamfa: Zo ki karɓa ki gani.

Kawu Direba: Na janye "sata", saboda Baba. Amma fa na sake bi ta wajen yanzu da na sauke fasinja. Ruwan jiya ya ɗaga gefen fastar, ta ƙarƙashinta tasa ce ta zaɓen baya, da hula daban da tambarin wata jam'iyya. Ita ma "aƙida" aka rubuta.