Wace kalma za mu sa wa «installation» in an yi ta a kangon masana'anta?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Ana ta maganar masu zane da masu sassaƙa na Maraɗi su yi nuni cikin ɗaya daga tsofaffin magazan gyaɗa da ke zaune a rufe, kuma kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya: installation. In ka faɗe ta a rediyo yadda take, ansitalasiyon, duk mai saurare a garin nan zai ɗauka jan wayar kuran, wato wutar lantarki, ake nufi. Abin da masu fasaha ke nufi daban ne. Ba hoton da ake ratayewa a bango ba ne, ba kuma sassaƙa ɗaya da ake ɗorawa kan dakali ba. Mutum ne zai karɓi wuri sukutum, ya tsara kaya da haske, wani lokaci har da sauti, mai kallo ya shiga ciki ya kewaya, in wa'adi ya cika a kwashe. Misali na kusa shi ne Ibrahim Mahama na Tamale a Gana, wanda a 2015 ya lulluɓe bangayen wani dogon lungu na tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta Venis da tsofaffin buhunan koko da gawayi da aka ɗinke. «Baje koli» ta riga ta zauna wa nunin gaba ɗaya. Wannan aiki guda fa, me za mu ce da shi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Ni «kafi» nake gani, daga kafa. Rabin aikin nan kafawa ne: huda bango, ɗaure igiyar ƙarfe, tsayar da turaku.

Baba Malamin Hausa:
Injiniya, a yi hattara da kafi. Ka ce «an yi kafi a tsohon magaza», dattijon Maraɗi zai fahimci an binne wani asiri na tsari. Haka «girke» da na ji wasu na faɗa. Girka dai ta dace da ma'anar ajiye abu ya zauna daram, amma tana jan hankali wajen tukunya, sannan a ƙasar nan kowa ya san girka a harkar bori. Nunin da tun farko wasu za su zo suna tambaya ko gumaka ne, bai kamata sunansa ya ƙara masa nauyi ba.

Malamar Zane:
Baba ya yi gaskiya. Ni ga tawa: jere. Ku dubi yadda ƴan jere ke yi wa ɗakin amarya. Sai an je an ga ɗakin tukuna, an auna bango, an san inda ƙofa take da inda haske ke faɗowa. Kwano ɗaya ba jere ba ne, tasa ɗaya ba jere ba ce, sai an haɗa su sun zama abin kallo guda. Mai zuwa gani shiga yake yi. Kuma in aka kwashe kayan aka kai wani ɗaki, dole a sake jeren, don na farko ya ƙare. Duk sharuɗɗan da Malam ya lissafa suna ciki. In aka ce «jeren fasaha», an raba shi da na biki.

Mai Walda:
Malama, ina da ja. Jera abu sahu ne, ɗaya bayan ɗaya. To a 2007 Doris Salcedo ta tsaga daɓen babban zauren gidan fasaha na Tate Modern a Landan, tsaga mai karkace-karkace da tsawonta ya kai mita 167, ba ta ajiye ko tsinke ba. A 2003 Olafur Eliasson ya cika zauren nan da hazo da wata babbar rana ta fitilu, ya sa madubi a rufi. Me aka jera a nan?

Malamar Zane:
Tambayar tana kan hanya. Amma ita ma kalmar tasu asalinta ajiye abu a mazauninsa ne, ba ta ɗauki tsaga ko hazo ba sai da amfani ya faɗaɗa ta. Jere ma ya daɗe da wuce sahu, don jeren ɗaki ya haɗa da labule da shimfiɗa da abin da aka manna a bango. Abin da nake so a kalmar shi ne tana tilasta wa mai ji ya tambaya: a wane ɗaki? Wannan tambayar ita ce zuciyar aikin. Zauren da ka ambata na tashar wutar lantarki ne da aka rufe a 1981, aka buɗe shi gidan fasaha a 2000, tsawonsa mita 155, tsayinsa 35. Ranar Eliasson ba za ta yiwu a ajin makaranta ba. A Kef Tawun rumbun hatsi na siminti aka fafe aka yi gidan fasaha na Zeitz MOCAA a 2017. A Dakar tun 2016 babban nunin Dak'Art ya koma tsohon ginin kotu da aka yi watsi da shi. A Legas babban nunin fasaha na birnin, karon farko a 2017, cikin tsohuwar ma'aikatar jirgin ƙasa ta Ebute Metta aka yi shi. Ko'ina ginin yana cikin abin da ake kallo.

Baba Malamin Hausa:
Na karɓi jere. Ginin kuwa ba ya buƙatar ƙirƙira. Abin da Faransawa ke kira friche, kamar tsohuwar masana'antar taba ta Belle de Mai a Marsay da ta koma hannun masu fasaha a 1992, mu kango muke ce masa. Kufai na garin da aka tashi ne, kango na gini ne da bangonsa ke tsaye ba kowa ciki. Sai a ce «kangon masana'anta» ko «kangon magaza».

Injiniya:
Na janye kafi. Amma tunda kango za a shiga, bari in faɗi abin da ya wajaba kafin mai jere ya kawo ko buhu ɗaya, domin a nan ne ake samun ɓarna.

A fara da rufi. In kwanon siminti ne irin na da, mai launin toka, a ɗauka yana da asbesto har sai an tabbatar ba shi da shi. Ba a huda shi, ba a kankare shi, ba a share ɓaraguzansa a bushe, don ƙurarsa ce ke lalata huhu, kuma cutar sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. In kwanon ƙarfe ne, a hau a duba ƙarafan da ke ɗauke da shi, musamman inda suka shiga bango, nan ruwa ke kwanciya tsatsa ta ci. Waɗannan ƙarafan an lissafa su ne don kwano da iska kawai. Duk abin da za a rataya a ɗaure shi a mahaɗar ƙarafa. In aka ɗaure a tsakiyar sanda ɗaya, lanƙwashewa take yi. Igiyar ƙarfe kuma ta iya ɗaukar ninki 5 na nauyin: abu mai kilo 60 yana son igiyar da ba ta tsinkewa ƙasa da kilo 300, da maƙalai 3 a kowane baki, da igiya ta biyu ta ko-ta-kwana da aka ɗaure a wani wuri daban.

Sai ƙasa. Magazan da aka ajiye gyaɗa ko wake an sha zuba masa maganin ƙwari. A duba lunguna ko akwai tsofaffin gwangwanaye da ƙullin hoda, kada yara masu taya aiki su taɓa su. Kashin jemage da na tantabara a yayyafa masa ruwa kafin a kwashe, masu kwasa su rufe hanci da baki. Daga nan a buɗe ƙofofi wurin ya sha iska kwanaki.

Nauyi ma ana raina shi. Yashi mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ya kai tan ɗaya da rabi ko fiye. Mai jeren da ya ce zai shimfiɗa yashi mai kaurin santimita 10 a fili mai mita 10 kowane gefe, kusan tan 16 yake magana. A daɓen ƙasa ba laifi, amma in akwai rami ko tsohuwar kwata a ƙarƙashin siminti, zai rufta. A bi daɓen ana ƙwanƙwasa shi da guduma, inda ya yi amon ganga a yi masa alama.

Mai Kuran:
In ƙara kan na Injiniya. Kada a yarda a jona komai a tsofaffin wayoyin ginin, ɓeraye da zafi sun gama da rigarsu. A ja sabon layi daga kwantar zuwa ƙaramin allo na wucin gadi, a sa masa disjonktar na miliamfa 30 mai katse wuta da zarar ta zurare, a kafa sandar ƙasa. Fitilun LED 20 masu wat 30 duka wat 600 ne, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta ishe su. Matsalar tsawo ce: in layin ya haura mita 50 kuma aka ɗora masa na'urar haska hoto da fankoki, ƙarfin wutar yana faɗuwa a ƙarshe, sai a ƙara kauri zuwa 4. Wayar da ta ratsa hanyar mutane a rufe ta da katako, ko a bi da ita ta sama. Gurup kuwa, wato janareta, waje ake ajiye shi, nesa da ƙofa da taga, don hayaƙinsa ba ya wari sosai amma yana kisa a rufaffen wuri.

Malamar Zane:
Lokaci ma a zaɓe shi da hankali. Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano ya fi haka. Gam yana saki, katako yana tsagewa, mai kallo ba ya iya minti goma. Damina kuma yoyo da gara. Saura Nuwamba zuwa Fabrairu, su kuma ƙurar hunturu ce abokiyar gabarsu. A toshe ramukan sama da yadi mai barin iska ta wuce, a yi shara da jiƙaƙƙen buhu kowace safiya, a busa matatar na'urar haska hoto kullum, in ba haka ba ta yi zafi ta mutu tsakiyar nuni.

Ƙura ba ƙaramar magana ba ce ko a inda ake da kuɗi. A 2010 Ai Weiwei ya zuba ƙwayoyin tangaran miliyan 100 masu siffar irin fure a zauren Tate Modern don mutane su taka, cikin ƴan kwanaki aka hana takawa saboda ƙurar da ke tashi. Duk mai son shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi a ƙasa ya gwada a ƙaramin ɗaki tukuna, mutum biyar su yi ta tafiya a kai, a ga abin da zai tashi.

Aikin takarda da yadin rini ba sa son haske ya wuce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, zanen fenti kuma wajen 200. Hasken da ke shigowa ta ƙofar magaza da rana ya ninka haka sau da yawa, zai iya kashe launin baba. Irin waɗannan a kai su can ciki. Kada kuma a manna su a bangon kango, gishiri da danshi na fitowa daga cikinsa. A tsayar da allunan katako masu kaurin milimita 12, a bar tazarar santimita 10 tsakaninsu da bango, tsakiyar hoto ta zo daidai mita 1.5 daga ƙasa.

Mai Walda:
Buhu, kara, auduga da ɓawo duk abincin wuta ne, kuma su masu jere suka fi so. Ƙofa biyu a buɗe a ɓangarori daban, ba kwaɗo a kai muddin akwai mutane ciki. Tukunyar kashe gobara ɗaya ga kowane murabba'in mita 200, kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce mita 15 kafin ya kai gare ta. Walda da yankan ƙarfe a gama su kafin a shigo da busasshen kaya. A gayyaci ƴan kwana-kwana su zagaya kafin buɗewa.

Game da kalma, har yanzu ina ganin jere ya fi zama daidai in akwai kaya a ƙasa ko a bango. Amma ba ni da wadda ta fi ta, kuma bakina ya riga ya kama «mai jere».

Mai Fassara:
Akwai guda da ta rage. Masu fasaha suna rarrabe aikin da za a iya sake shi a wani wuri da wanda aka yi wa gini ɗaya tak, wanda suke ce wa in situ. Tsagar Salcedo irin na biyun ce.

Baba Malamin Hausa:
Wannan «jeren gurbi» ne. Gurbi wuri ne da aka yi daidai da abu, abin kuma daidai da shi. Ka cire shi daga nan, ba ya zama ko'ina.

Injiniya:
Ya yi. Kuma bambancin yana da amfani a takardar yarjejeniya da mai gini. Jeren fasaha na yau da kullum ana kwashe shi a bar wuri yadda aka same shi. Jeren gurbi sau da yawa yana taɓa ginin, a huda, a fasa, a shafa fenti. Saboda haka a rubuta tun farko abin da aka yarda a taɓa, wanda zai gyara, da ranar miƙa makulli. A ɗauki hoton kowane bango da daɓe kafin a fara, ɓangarorin biyu su sa hannu, a kai kwafi ofishin magajin gari tare da takardar neman izinin tara jama'a. Ranakun kwashewa a lissafa su cikin wa'adin haya, don sauke abin da aka rataya yana cin kusan rabin lokacin da aka ɗauka ana ɗora shi.

Mai Fassara:
To ga yadda zan rubuta a sanarwa: «Baje kolin jeren fasaha a kangon magazan gyaɗa». Mai aikin «mai jere», ɗorawa «yin jere», saukewa «kwashe jere», wanda aka yi wa gini ɗaya «jeren gurbi». A karon farko zan bi shi da jimla ɗaya ta bayani, cewa aiki ne da ake shiga cikinsa a kewaya. Malama, ki turo mini sunayen kayan da masu jeren za su yi aiki da su, in ga ko akwai wanda shi ma ke neman kalma kafin a kai wa mai buga takarda.