Tun da na fito da yaron nan daga rijiya barci ya ƙaurace mini

Ɗan kwana-kwana (a sakaya sunana): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 9 a aikin kashe gobara. Jama'a sun ɗauka wuta kaɗai muke kashewa, alhali mu ake kira idan yaro ya faɗa rijiya, ko kududdufi ya ci mutum da damina. Mako 7 da suka wuce aka ɗaura mini igiya na shiga wata rijiya, na fito da yaro, rai ya riga ya yi halinsa. Ba shi ne gawar farko da na taɓa ɗauka ba, amma tsaran 'yata ne, har irin takalmin robarta ne a ƙafarsa. Tun daga ranar, da na rufe ido sai in ji sanyin ruwan nan da ihun mahaifiyarsa. Na toshe rijiyar gidanmu da siminti, na hana yara leƙa ƙofar gida, abu kaɗan in hau matata da faɗa. Jiniyar da na saba da ita yanzu faɗuwar gaba take sa ni. Har kemis na je aka ba ni ƙwayar barci. A ofis kuwa dariya nake da kowa, don ina tsoron a ce na zama rago ko a cire ni daga fita aiki. In faɗa wa abokan aiki ne, ko in ci gaba da haɗiyewa?

Wata 'yar'uwa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan yaron, kai kuma Ya sanyaya maka zuciya.

Tsohon ɗan kwana-kwana, mai ritaya: Ƙanena, zo nan. Ina cikin waɗanda suka kwana riƙe da tiyo a gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016. Har yau idan maƙwabta suka ƙona shara, warin leda ya shigo ɗakina, sai in miƙe tsaye ban san na miƙe ba. A zamaninmu idan an dawo sai a wanke mota, a naɗe tiyo, kowa ya kama gabansa. Akwai abokina, duk cikinmu ba wanda ya kai shi zuciya, shi ke fara shiga hayaƙi. Shirun nan ne ya ci shi: daga ƙwayar barci ya koma wasu ƙwayoyin, aure ya mutu, aiki ya bi baya. Muna gani muka ce halinsa ne ya canza, ba wanda ya zaunar da shi. Wannan na cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kai.

Tambaya ɗaya zan yi maka: wa ya riƙe maka igiya ran nan? Je ka same shi. Ka ba shi amanar ranka kana ƙasan rijiya, amanar magana ce za ta gagara? Kuma kada ka yi mamaki idan ka tarar shi ma ba ya barci.

Wani matashi: Haba Oga, aikin nan fa na maza ne. Ka daure kawai, zai wuce.

Tsohon ɗan kwana-kwana: Yaro, ka taɓa ɗauko gawa daga ruwa? In ba ka taɓa ba, ka zauna ka saurara.

Ma'aikaciyar jinya, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa: Malam, sannu da ƙoƙari. Firgita, munanan mafarkai da saurin fushi a makonnin farko bayan irin wannan abu ne da ake gani a wajen mutane da yawa, kuma sukan lafa da kansu. Idan suka haura wata guda suna hana barci da zaman lafiyar gida, likitoci kan duba ko cutar firgicin da suke kira PTSD ce. Kai ka kai mako 7, don haka ka ga likita. Ba hauka ba ne, kuma ana warkewa, galibi ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri; a Kano akwai na Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ƙwayar kemis ita ta fi damuna. Idan irin su diazepam ce, jiki na saurin sabawa da ita, kuma ba ta taɓa tushen ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ja hankali kada a riƙa ba da ita don firgici na bayan tashin hankali. In ka jima kana sha kullum kada ka yanke rana ɗaya, kai wa likita kwalin ya gani. Sannan ga mai aikin igiya da tsani, maye-mayen barci da safe haɗari ne a kansa da abokan fitarsa. Batun tsoron aiki kuma, Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta hana nuna wariya ga mai irin wannan larura. Abu na ƙarshe, zan tambaye ka kai tsaye: ka taɓa jin gara ka bar duniya? In eh ne, yau za ka faɗa wa wani, yau za a raka ka asibiti.

Wani malami: Ɗan'uwa, kada shaiɗan ya raya maka cewa raunin imani ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Ajalin yaron ya riga igiyarka sauka, kai kuma ka ba iyayensa damar yi masa sutura. Riƙe azkar ɗin kwanciya, ka kuma bi maganar 'yar'uwarmu ta asibiti, neman magani ba ya karo da tawakkali.

Matar wani ɗan kwana-kwana: Yayana, ni ta matarka nake ji. Lokacin da maigidana ya shiga irin wannan hali na ɗauka aure zai ƙara, wata biyu ina kuka a banza! Ba sai ka ba ta labarin gawa ba. Ce mata aiki ya taɓa ka, ba laifinta ba ne. Rabin faɗan gidan zai mutu a nan.

Shugaban tawagar dare a wani ofishi: Bari in faɗi abin da muke yi, ko wani zai ɗauka. Na fara tunaninsa ne da na karanta yadda hukumar kashe gobara ta birnin New York ta yi bayan harin 11 ga Satumba 2001, inda ta rasa ma'aikata 343. Cikin abin da ta dogara da shi har da 'yan kwana-kwana, na bakin aiki da masu ritaya, da ke zagayawa ofisoshi suna sauraron 'yan'uwansu, suna haɗa mai bukata da likita. Dalili a fili yake: ɗan kwana-kwana ya fi buɗe ciki ga wanda ya shaƙi hayaƙi irin nasa.

Mu ba mu da kuɗinsu, muna da butar shayi. Duk fitar da aka yi asarar rai, ko aka jefe mu da duwatsu wai mun makara, ba mai tafiya gida sai an sha shayi tare. Ba a tilasta wa kowa magana. Na gwada sa kowa ya faɗi abin da ya gani ɗaya bayan ɗaya, na ga yana fama wa wasu ciwo, na daina. Yaran da kansu suka zaɓi mutum biyu masu riƙe sirri, ba ni na naɗa su ba, don ba kowa ke son kai kuka wajen Oga ba. Aikinsu su buga waya bayan kwana uku, su sake bugawa bayan mako biyu. Abin da aka faɗa musu ba ya zuwa teburina, sai idan rai na cikin haɗari.

Ma'aikaciyar jinya: Oga, daina tilastawar nan da ka yi daidai ne. Sai dai a tuna wa mutum biyun nan cewa su ba likitoci ba ne, su ma kuma suna bukatar mai sauraronsu.

Ɗan kwana-kwana: Na gode, Allah Ya bar zumunci. Anti, amsar tambayarki a'a ce, alhamdulillahi. Baba, na bi maganarka, jiya bayan isha'i na samu wanda ya riƙe mini igiya. Ashe ya daina cin abinci a gidan yayarsa saboda rijiyar tsakar gidan. Mun kai ƙarfe 12 a kan benci. Ranar Litinin tare za mu je asibiti, kwalin ƙwayar na aljihuna. Uwargida ce ban samu bakin yi wa magana ba tukuna. Hajiya, in da hali ki rubuto mini yadda naki maigidan ya fara.