Wata bakwai da yi mini aikin ƙashin baya, har yanzu tsoka na ɗaurewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Tudun Wadan Zariya, shekarata 46. Wata bakwai ke nan da aka yi mini aikin haɗe ƙashin baya, gaɓoɓin ƙasan baya da ake kira L4 da L5, aka sa ƙusoshi da sandunan ƙarfe. Alhamdu lillahi, zogin da ke sauka ƙafata ta hagu ya tafi. Abin da ya rage shi ne ɗaurewar tsoka a gefen ɗinkin.

Da dare ya fi tsanani, balle yanzu da sanyin hunturu ya shigo. Ina juyawa a kan katifa sai tsokar ta murɗe kamar an ja igiya, in kasa ko numfashin kirki har ta saki. A kan kujera nake sallah, wannan ya fi komai damuna. Shiga Keke Napep zuwa Sabon Gari kuwa, kowane rami sai na ji shi a bayana.

Likitana ya ce hoto ya nuna ƙarafan na nan daidai, kuma ƙashin kan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya haɗe. Ya hana ni diclofenac da ibuprofen, domin suna iya jinkirta haɗewar. Paracetamol da tsumman ruwan ɗumi nake amfani da su, sauƙin kaɗan ne.

Don Allah waɗanda aka yi wa irin wannan aiki, yaushe taku ɗaurewar ta daina? Gashin ƙashi a asibiti ya taimaka muku? Wace irin kwanciya ce ta fi muku sauƙi? Kuma wace alama ce za ta sa in koma wurin likita tun kafin ranar da ya ba ni?