Waɗanda suka ci bashin karatu, yaya biyan yake?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Babban ɗana ya samu gurbi a jami'a, ya matsa sai ya nemi bashin karatu. Na san bashi hanji ne, amma ina tsoron yaro ya fara rayuwa da shi a wuya. Waɗanda suka ci, ku faɗa mini gaskiya.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a Ingila na ci nawa a 2012, shekarar da kuɗin makaranta ya haura zuwa fam 9,000. Babu mai ƙwanƙwasa mini ƙofa. Akwai iyakar albashi da aka sa, abin da ya ɗara ta ake cire wa kashi 9 cikin ɗari tun kafin kuɗin ya shigo hannuna. Da aiki ya yanke mini, cirewar ma ta tsaya. Ranar ɓacin rai ita ce ranar da na duba lissafi na tarar ruwa ya sa bashin ya fi na bara, alhali ina biya. A tsarin da na shiga, bayan shekara 30 ana yafe saura. Ki karanta sharuɗɗan biya kafin ki kalli yawan kuɗin.

Ma'aikaciyar Jinya: Nawa na Amurka ne. A can ko mutum ya karye, da ƙyar kotu take sauke masa bashin karatu. Mun sa rai da yafiyar bashin da Shugaba Biden ya sanar, Kotun Ƙoli ta soke ta a 2023.

Ɗan Aji Uku: Mama, namu na NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin Najeriya, ba ruwa a kansa. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, ni naira 20,000 ta wata nake gani. Biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 na albashi.

Malamin Jami'a: Ni a Jamus na yi digiri na uku. Zuwa 2014 duk jihohinsu sun soke kuɗin makaranta, amma ba daga sama ake biyan malamai da wutar ɗakin gwaji ba, haraji ne. Abin da ke damuna, in bashi ya samu, gwamnati takan ja hannu, jami'a ta ƙara kuɗi, nauyin ya koma kan yaron da ko albashin farko bai karɓa ba.

Ɗan Aji Uku: Haka ne, Malam. Sai dai ba don shi ba da bara na ajiye karatu, don rajistar ta fi ƙarfin mahaifina.