"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe": gado ake nufi ko tarbiyya?

Abu Fadila: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a teburin mai shayi muka yi musu da surukina kan Meb Keflezighi, ɗan tseren Amurka. A Asmara, babban birnin Eritiriya, aka haife shi a 1975. Mahaifinsa ya tsere wa yaƙin Eritiriya, a ƙafa ya taka har Sudan, daga baya iyalin suka bi ta Italiya suka sauka San Diego ta Amurka a 1987. Yaron ya tashi ya ci lambar azurfa a gudun fanfalaki na Olamfik ɗin Atina a 2004. Surukina ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni na ce ba muhallinta ba ne, gudun tsira da rai daban, gudun neman lamba daban. Me kuka gani?

Malam na Damagaram: Wa alaikumus salam. Surukinka ya fi ka gaskiya. Ba ƙafa aka gada ba, juriya ce. Uban nan tun kafin gari ya waye yake tada 'ya'yansa su koyi Turanci, har Meb ya shiga jami'ar UCLA. Abin da yaro ya gani a gida shi ne gudun barewar.

Maman Biyu: Ku gafarce ni Malam, ni a gidanmu ban taɓa jin an yi yabo da ita ba. Kakata, Allah Ya jiƙan ta, fura take kaiwa kasuwa, ƙwarya uku a ka, tafiyar hantsi guda. Wata rana ta dawo ta tarar zakaranta ja ya ɓace. Ba ta yi cigiya ba, sai ta zagaya bayan dangar maƙwabci ta ga gashinsa a cikin toka. Uban yaron gidan an san shi da ɗan hali tun yana saurayi. Ta sauke ƙwarya, ta gyara ɗaurin zane, ta faɗi karin maganar nan da ƙarfi yadda uwar yaron za ta ji ta cikin ɗaki. Da magariba sai ga yarinya da kaza a hannu, wai a kawo wa Iya. Kakata ta karɓa, ta kuma cika mata kwano da fura ta ce a kai wa yaron.

Ɗan Sabon Gari: To ai mu a mazaɓarmu muna ganin ta ƙiri-ƙiri. Uba ya gudu da kuɗin rijiyoyin burtsatse, yanzu fostar ɗan ce a kowane bango!

Malam na Damagaram: Allah Ya shirya. Mu koma kan magana.

Baban Khalifa: Ni dai wata ce ta dace da Meb: da tsohuwar zuma ake magani. A 2011 kamfanin takalma na Nike ba su sabunta kwantiraginsa ba, kamfanin Skechers suka ɗauke shi. A 2014, yana da shekara 38, ya lashe tseren Boston cikin awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 37, da sunayen waɗanda harin bam na 2013 a wurin wannan tseren ya kashe rubuce a takardar ƙirjinsa. Kafin nan, rabon namiji ɗan Amurka da cin tseren tun 1983.

Abu Fadila: Wannan ma ta zauna, amma surukina ba zai yarda ba.

Ɗan Sabon Gari: Maman Biyu, yaron ya sha furar kuwa?