Auna aikin masanin sinadaran ƙarfe da kabon

A wani zama na malaman kimiyyar sinadarai da ɗalibansu masu neman digiri na uku, an tattauna yadda ake auna aikin mai bincike, aka ɗauki Geoffrey Wilkinson na Ingila a matsayin misali.

Shawarar da ta fi shiga raina ita ce kada yawan takardu ya ruɗi ɗalibi. Takardar 1952 da Wilkinson da Robert Woodward, masanin sinadarai na Amurka, da abokan aikinsu suka fitar shafi biyu ce kacal, amma ta nuna yadda ƙarfe ke zaune tsakanin zobba biyu na kabon a cikin wani sinadari mai suna ferrocene. Wannan layin bincike ne ya kai shi ga lambar Nobel ta 1973 tare da Ernst Otto Fischer.

Kan ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005, wanda ke haɗa yawan takardun mai bincike da yawan ambatonsu a wasu takardu, wani dattijon malami ya ce a cire inda mutum ya ambaci kansa, a kwatanta shi da 'yan fanninsa kawai, kuma a tuna cewa Scopus da Google Scholar, rumbunan intanet masu ƙirga ambato, ma lissafinsu yakan bambanta. Wata malama ta ƙara da cewa sinadarin da ake kira da sunan Wilkinson, mai ɗauke da ƙarfen rodiyom kuma mai hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, ya zama ruwan dare, har wasu kan yi aiki da shi ba tare da ambaton takardar asali ba.