Wa ya taɓa aiki a sakatariya lokacin da aka miƙa wa DPM ragama?

Ɗan Autan Gida: Salamu alaikum 'yan uwa. An tura yayana DPM, wato daraktan kula da ma'aikata, a wata ƙaramar hukuma, ga shi wa'adin ciyamomi ya kusa cika. Kun san da an sauke su sai a ce su miƙa wa DPM kafin zaɓe. Waɗanda suka ga irin wannan lokaci da idonsu, me ke jiransa?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. A sashen kuɗi na yi aiki har na yi ritaya. Ka gaya masa kada ya sa hannu a takardar miƙa mulki sai ya zaga da ƙafarsa ya ƙirga kaya: motoci, janareto, baburan sashen lafiya, har kujerun zauren majalisa. A wani wuri da na zauna an rubuta tarakta uku, da muka je gareji ɗaya muka tarar, ita ma an ɗora ta a kan bulo, ba taya ko ɗaya. Ciyaman ya tafi neman takarar majalisa abinsa. Da odita ya zo, DPM aka aiko wa takardar tuhuma, da ƙyar ya samu aka biya shi giratuti. Mutane ba su san cewa a wurinmu DPM da ma'aji ne ke sa hannu a cek ba. Ciyaman amincewa kawai yake rubutawa a fayil. In ma ta baki ya bayar, to ranar bincike babu ita.

Maman Hafsat: Baba Akawu ya faɗi gaskiya, amma ba duka ne takarda ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce. Wata damina amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyuka biyu, ba ciyaman ba kansila. DPM ɗinmu ya kira shugaban sashen lafiya da hakimi cikin dare, kafin azahar ruwan ƙari da sinadarin zuba wa rijiyoyi sun iso. Aji biyu na firamare muka mayar wurin kwantar da marasa lafiya, muna rataya ledar ruwa a ƙusar allo. Da ya ce sai ya jira izini daga sama, Allah kaɗai ya san gawa nawa za a ɗauka.

Mai Gaskiya Ɗaya: Hajiya, kun dai taki sa'ar mutum. Wanda na yi aiki da shi ko biro ba ya saya sai ya rubuta wa ma'aikatar ƙananan hukumomi, kuma ban ga laifinsa ba, tunda kuɗin a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi suke. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci daban, abin da ake gani a sakatariya daban. Hatta ma'aikata, daga mataki na 07 zuwa sama na hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ne. Iyakar ikon DPM masinja da direba da mai gadi.

Ba'adare: Mu nan Nijar a Afrilun 2024 anka rushe majalisun gundumomi, anka naɗa masu riƙo. Sakatare janar na ma'aikatar magajin gari shi ne ya san inda kowace takarda take. Na tai neman takardar haihuwar ɗiyata, sabon shugaba bai ko san ofishin ba, sakataren ne ya fiddo rajista.

Tsohon Akawu: Na manta abu guda. 'Yan kwangila za su yi masa layi da tsofaffin baucoci, kowa na cewa ciyaman ya yi masa alkawari. Albashi da fansho tukuna. Duk aikin da bai je ya gani ba, kada ya biya.

Ɗan Autan Gida: Na gode Baba, zan tura masa. Su kuma masu karɓar harajin kasuwa da tasha da tsohon ciyaman ya zuba, ya bar su ko ya sauya?

Mai Gaskiya Ɗaya: Ya fara karɓe littattafan rasit daga hannunsu, ya ga nawa suka rage.